Yadda Direban Tirela ko Tanka Zai Tsare Haƙƙinsa da Shekarun Aikinsa Idan Sauyi Ya Zo

Mafi yawan direbobin manyan motoci da ke jigilar kaya tsakanin Arewa da Kudancin Nijeriya ta ƙofa ɗaya suka shiga sana'ar. Yaro yakan fara da bin mota, yana wanke ta, yana ɗaure tamfol, yana sa weji idan an tsaya a gangare, daga baya maigidansa ya riƙa ba shi sitiyari a inda hanya ta miƙe, har ranar da wani mai mota zai yarda ya danƙa masa makulli. Wannan tarbiyya tana fitar da gwanayen da ke gane ciwon inji tun daga ƙararsa, amma ba kasafai take koya wa mutum yadda zai tsare kansa a wajen wanda yake yi wa aiki ba.

A wannan sana'a daɗewa ita ce jarin direba, domin motar ba tasa ba ce, kayan da ya ɗauko ma ba nasa ba ne. Daɗewa ce ke sa a ba shi sabuwar mota idan an sayo, a bar masa hanyar da ya sani, a kuma tsallake shi idan an tashi rage ma'aikata. Sai dai daɗewar da ba a rubuta ba tana iya salwanta a yini ɗaya, kuma yinin da aka fi yin asararta shi ne ranar da aka ce wa mutum an sauya masa mota, ko wurin aiki, ko kamfani. Duk bayanin da ke tafe a kan wannan yake: yadda za ka kafa shaidar ranar da ka fara aiki da sharuɗɗan da ka fara a kansu, da yadda za ka tafi da ita duk inda aka mayar da kai.

Wa ya ɗauke ka aiki?

Tambayar tana da sauƙi a baki, amma direbobi da yawa ba su san amsarta ba sai ranar da rigima ta tashi. Akwai wanda ke jan motar wani Alhaji mai mota ɗaya ko biyar, sun yi magana baki da baki, yana zuwa ya dawo ya kawo balas. Akwai wanda kamfanin sufuri ya ɗauka yana biyansa a wata. Akwai kuma wanda ke jan motar da aka rubuta sunan babban kamfanin siminti ko na fulawa ko na mai a jikinta, alhali wani ɗan kwangila ne ya ɗauke shi ya tura shi can. Sunan da ke jikin mota ba lallai ba ne ya zama sunan ubangidanka. Ka dubi sunan da ke saman takardar ɗaukarka aiki, ka dubi sunan da ke fitowa a saƙon banki idan albashi ya shigo. Idan ɗan kwangila ne, ka sani doka ta wajabta masa ya mallaki lasisin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambaya ko yana da shi.

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce dole ne wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi bayani a rubuce kafin ya wuce wata uku da fara aiki. Bayanin zai nuna sunan ubangida, da sunan ma'aikaci da ranar da aka ɗauke shi, da irin aikin, da yawan lada da lokacin biyansa, da awoyin aiki, da hutu, da wa'adin sanarwa idan ɗayansu zai rabu da ɗaya. A kamfani, ka nemi wannan takarda daga ofishin kula da ma'aikata, ka yi hotonta a waya, ka ajiye ta asalin a gida, ba a aljihun mota ba, domin mota tana iya ƙonewa ko a karɓe ta daga hannunka a hanya.

Inda abin ya fi nauyi shi ne wajen mai mota ɗaya, musamman idan ɗan unguwa ne ko abokin mahaifinka, inda neman takarda zai yi kama da zargi. A nan dabara ita ce kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka ɗauko maganar a ranar da ake lissafi. Ka tafi da wanda ya tsaya maka, ko da wani dattijo daga cikin shugabannin tasha, ka ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, ba don rashin yarda ba, sai don halin rai. Idan Allah ya yi wa ɗayanmu rasuwa, ina son iyalinka da nawa su tarar da abin da muka yi a rubuce." Mai mota na kirki ba zai ƙi wannan ba, tunda addini ma ya yi umarni da a rubuta bashi a kafa shaidu. Takarda shafi ɗaya da Hausa, mai kwanan wata da sa hannun shaidu biyu, ta wadatar.

Abin da ya kamata a warware kafin ka karɓi makulli

Ka fara raba albashi da kuɗin tafiya, domin ba abu ɗaya ba ne. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne, amma dokar ta shafi wuraren da ke da ma'aikata 25 zuwa sama ne, kuma ta ware waɗanda ake biya bisa kamasho ko bisa yawan aikin da suka yi. Saboda haka direban da ladansa gaba ɗaya ya rataya a kan yawan sahun da ya yi yana cikin rauni biyu: ranar da mota ta kwanta a gareji ba shi da komai, kuma fanshonsa, idan ma ana tara masa, zai zama kaɗan, tunda ana lissafa shi ne a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Kuɗin tafiya mai tsoka yana da daɗi a hannu, amma gara a rage shi kaɗan a ƙarfafa albashin wata.

Kuɗin hanya kuma a fayyace abin da ya ƙunsa. Shin abincinka da na yaron mota yana ciki? Tikitin ƙungiya da harajin jihohin da za a ratsa fa? Faci da ƙananan gyare-gyare wa zai biya? Man gas kuwa a yanke shi da lita, kada a yanke shi da naira, saboda farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma a yanke shi bisa hanyar da za a bi da gaske. Daga Kano zuwa Legas akwai mai bi ta Kaduna da Tegina ya faɗa Mokwa da Jebba da Ilori, akwai wanda rashin tsaro ke sa ya kauce wa Birnin Gwari ya zaga ta Suleja da Lambata da Bida, akwai kuma mai bi ta Abuja da Lokoja da Okene. Nisansu ba ɗaya ba ne, yanayin kwaltarsu ma ba ɗaya ba ne, kuma mota mai lodi a hanya mai ramuka da hawa ta fi shan mai. Idan aka auna maka mai da gajeriyar hanya alhali doguwa za ka bi, daga aljihunka za a cike, ko kuma a kira ka ɓarawon mai.

Akwai kuma kwanakin jira, waɗanda galibi ba a maganarsu sai sun auku. Duk wanda ya yi aikin kwantena ya san yadda motoci suka riƙa kwana da kwanaki a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can, abin da ya sa hukumar tashoshin ta fito da tsarin kiran motoci ta manhajar Eto a watan Fabrairun 2021. Masu bin Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Ƙonni ba su manta da rufe iyaka da aka yi a watan Agustan 2019 ba, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, lokacin da motoci suka tsaya da kaya a kansu, direbobi na cin aljihunsu. Ka nemi a rubuta cewa idan jira ya wuce kwanaki kaza ba da laifinka ba, akwai abin da za a riƙa ba ka a kowace rana, kuma albashi ba zai tsaya ba.

Batun giɓin kaya shi ne ya fi cinye ladan direbobi, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai yarda ubangida ya ci tarar ma'aikaci daga albashinsa yadda ya ga dama ba. Idan asara ta auku saboda ganganci ko sakacin ma'aikaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce, kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ladan watan. Wannan kariya ce ta gaske, amma ba ta da amfani ga wanda ya sa hannu a takardar kaya bai ƙirga ba. Idan buhuna ne, ka tsaya a kan lodi da kanka ko ka tsayar da yaronka. Idan tanka ce, ka ga awon kowane ɗaki na tankin da idonka a daffo, ka rubuta lambobin hatimin da aka rufe bakunan da su, ka kuma nemi a duba hatimin a gabanka kafin a fara saukewa. Idan kwantena ce, ka ɗauki hoton hatiminta kafin ka fita daga tasha. Wanda ya karɓi kaya ya sa hannu da kwanan wata da lokaci, kai kuma ka riƙe kwafi.

Sai awoyin tuƙi. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta tsayar wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a hanya mai tagwayen hannu, kuma tun watan Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, take tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya da na kaya. Tsakanin Kano da Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Ko da a ce hanyar duka shimfiɗaɗɗiya ce babu shinge ko ɗaya, ana bukatar fiye da awa 16 na tuƙi zalla. Ke nan duk wanda ya ce ka yi lodi yau ka sauke gobe da safe kai kaɗai, yana cewa ne ka karya doka ko ka hana idonka barci. Hukumar tana shawartar direba ya huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa huɗu, Dokar Ƙwadago kuma ta ba ma'aikaci hutun yini guda cikakke a kowane kwana bakwai. Idan kayan na gaggawa ne, kamar tumatir ko dabbobi, abin da ya dace shi ne a haɗa ka da direban sifiya mai lasin, ba a bar ka da ƙwaya da shayi mai haɗi ba. Ƙwaya ba ta biyan bashin barci, ɗage shi kawai take yi zuwa inda ba ka zata ba.

Haka nan kana da damar ƙin fita da motar da birkinta ko tayoyinta ba su da lafiya, kuma ka faɗi matsalar a rubuce, ko da ta saƙon waya ne, domin ya zama shaida. Fashewar tanka a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 150, da ta mahaɗar Dikko a Jihar Neja a watan Janairun 2025, sun nuna cewa idan babbar mota ta faɗi ba direba kaɗai abin ke shafa ba. Bayansu ne hukumar da ke kula da harkar rarraba mai ta hana loda tankoki masu cin lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025.

Yadda ake lissafa daɗewa

Daɗewa iri uku ce, kuma kuskure ne a haɗa su. Akwai daɗewa a sana'a, wadda mutanen tasha suka sani suke girmama ka dominta. Akwai daɗewa a reshen ƙungiya, wadda ke da tasiri wajen bin layin lodi da zaɓen shugabanni. Akwai kuma daɗewa a wajen ubangida ɗaya, kuma wannan ce kaɗai doka ke kallo. Mutum yana iya shekara 25 a kan sitiyari, amma idan bara ya shiga kamfanin da yake, a idon doka ɗan shekara ɗaya ne a wurin. Shekarun da ka yi kana yaron mota a gidan ma ba za su shiga lissafi ba sai idan akwai takardar da ta nuna an ɗauke ka aiki tun lokacin.

Abin da doka ta rataya a kan wannan daɗewa ba kaɗan ba ne. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara mafi ƙarancin wa'adin sanarwa kafin a raba gari: yini ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Sashe na 18 ya ba wanda ya cika wata 12 a jere hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida tare da cikakken lada. Mafi muhimmanci shi ne sashe na 20, wanda ya ce idan za a rage ma'aikata saboda aiki ya ja baya, to, wanda ya shigo a ƙarshe shi zai fara fita, tare da la'akari da ƙwarewa da iyawa da riƙon amana, kuma sai an sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawanta. Wannan sharaɗi na ƙwarewa da amana yana nufin daɗewa ba ta fitar da mai yawan haɗari ko mai yawan giɓi, don haka tsabtar tarihinka wani ɓangare ne na shekarunka.

Giratuti kuwa, wato kuɗin sallama na dunƙule, Dokar Ƙwadago ba ta wajabta shi ba. Yana zuwa ne daga takardar aikinka ko daga yarjejeniyar da ƙungiya ta ƙulla da masu motoci, irin wadda reshen direbobin tanka na PTD a ƙarƙashin ƙungiyar ma'aikatan man fetur da iskar gas ta NUPENG ke yi da ƙungiyar masu manyan motoci ta NARTO. Ka tambayi sakataren reshenku ko akwai irin wannan yarjejeniya da ta shafe ka, ka nemi a karanta maka abin da ta ce game da shekarun aiki.

Hanyar kafa shaida ba ta da wuya, naci kawai take so. Ka nemi a riƙa biyan albashinka ta banki, domin bayanin asusu na shekara da shekaru shaida ce da ba a iya musantawa. Ka ajiye kwafin kowane lasin da ya ƙare, musamman na rukunin G wanda shi ne na motoci masu jan bodi, da tsofaffin katunan shaida na aiki da na ƙungiya, da takardun duk wani horo da aka ba ka. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta ranar tashi da ranar dawowa, da lambar mota, da irin kaya, da man da aka ba ka. Idan kamfaninku yana da ma'aikata 15 zuwa sama, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta masa ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai kuma a cire maka kashi 8, a tura asusunka cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi, kuma wannan asusu shi kansa yana nuna watan da kamfanin ya fara ɗaukarka a matsayin ma'aikacinsa. Wanda ke jan motar mutum ɗaya yana iya buɗe nasa asusun a tsarin fansho na masu sana'ar kansu da aka ƙaddamar a 2019.

A nan ya dace a yi wa manyan direbobi magana. Yaron da ya bi ka shekara biyar yana kwana a ƙarƙashin mota yana da haƙƙi a kanka. Ka matsa a sa sunansa a takardar kamfani, ka tsaya masa ya sami lasin ta hanyar da ta dace da gwaji da komai, kada ka bari ya girma a bayanka ba shi da wata shaida da za ta nuna ya taɓa aiki.

Idan sauyi ya zo

Sauyin da ya fi yawa shi ne na mota, kuma shi ne aka fi rainawa. Kada ka miƙa makulli ko ka karɓa da dare, ko a bakin hanya, ko babu shaida. Ku tsaya da wanda zai karɓa da bakaniken gidan, a ƙirga tayoyi har da na sifiya, a rubuta lambobin jikinsu da yanayinsu, a duba batura da jak da tamfol da igiyoyi da tukunyar kashe gobara, a auna man da ke tanki, a rubuta adadin kilomitar da mota ta yi, a duba takardun mota da inshora ko da sauran wa'adinsu. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Taya ɗaya ta tirela tana iya cinye albashin wata ko fiye, kuma idan an gano an musanya ta bayan mako uku, wanda ke riƙe da motar a ranar shi za a kama.

Na biyu shi ne sauyin wuri ko hanya a cikin kamfani ɗaya, kamar a ɗauke ka daga garejin Kano a mayar da kai Legas ko Fatakwal, ko daga jigilar siminti a Obajana zuwa wata masana'antar. Galibin takardun aiki suna ba kamfani ikon yin haka, saboda haka kada ka amsa da zaman gida, domin za a rubuta cewa ka gudu daga aiki, ka rasa komai. Abin yi shi ne ka nemi takardar sauyin, ka tabbata ta ambaci ranar da za ka kama aiki a sabon wurin, ta kuma nuna cewa matsayinka da ranar fara aikinka suna nan yadda suke. Sannan ka zauna ka yi lissafi da gaske: kuɗin haya a can, abinci, zuwa ganin iyali, makarantar yara idan za ka kwashe su a tsakiyar zango, da yawan sahun da ake samu a sabuwar hanyar, tunda albashi yana iya zama ɗaya amma kuɗin tafiya ya ragu da rabi. Ka nemi kuɗin ƙaura da wurin kwana na makonnin farko. Idan kana da uzuri mai ƙarfi, kamar jinyar mahaifi, ka rubuta shi cikin ladabi tare da takardar asibiti, ka kama aikin, ka ci gaba da bin koken.

Idan sauyin ya haɗa da canza irin kaya, ka nemi horo kafin ka hau. Wanda ya saba da buhuna bai san yadda ruwa ke kaɗawa a cikin tanki a kan kwana ba, kuma motoci masu amfani da iskar gas da ke ƙaruwa a hanyoyinmu suna da nasu ƙa'idojin. Canza kaya yana iya canza ƙungiyarka ma, daga sashen manyan motoci na ƙungiyar direbobi ta NURTW zuwa PTD ko akasin haka, don haka ka karɓi takardar sallama daga tsohon reshe da ke nuna ba a bin ka komai, ka warware adashi da duk wata gudummawa da ka zuba. Ka kuma sanar da wanda ya tsaya maka, domin ya sa hannu ne a kan wani aiki da ya sani, ba daidai ba ne ya ji labarin sauyin daga bakin wani.

Idan kai ne ke neman sauyin, ka rubuta buƙatarka da dalili ɗaya bayyananne, ka miƙa ta ofis a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Kada ka kai ta a lokacin da aiki ya yi yawa, kamar kaka da ake kwasar hatsi daga Dawanau, ko gab da Babbar Sallah da ake lodin dabbobi daga Potiskum da Maigatari. Ya fi sauƙi idan ka samo abokin aiki a can da ke son dawowa nan, ku kai buƙatar musanya tare. Ka tambaya tun da wuri ko a sabon garejin za ka shiga layin lodi da rabon mota bisa shekarunka a kamfani ne, ko za ka koma bayan kowa, domin al'adar wurare ta bambanta.

Na uku shi ne mafi haɗari, wato a mayar da kai ƙarƙashin wani ubangida: an sayar da motocin, ko kamfani ya buɗe wani sabo da wani suna, ko an canza ɗan kwangilar da ke kawo direbobi. Mota ɗaya ce, gareji ɗaya ne, manajan ma wataƙila shi ne dai, shi ya sa mutane ke ɗauka babu abin da ya canza. Sashe na 10 na Dokar Ƙwadago ya ce ba a mayar da kwangilar ma'aikaci daga wani ubangida zuwa wani sai da yardarsa, kuma sai jami'in ƙwadago ya sa hannu bayan ya tabbata yardar ba ta tilas ba ce. A irin wannan rana akan raba takardu biyu, ɗaya ta ajiye aiki, ɗaya ta sabon ɗauka, a ce tsari ne kawai. Wanda ya sa hannu a ta farko ya yanke shekarunsa da hannunsa, ya zama sabon shiga, har a iya sa shi zaman gwaji. Hanya biyu ce kawai mai tsabta. Ko dai tsohon ubangida ya biya ka duk haƙƙoƙinka har zuwa ranar, da albashin da ya rage da kuɗin hutu da na sanarwa da giratuti idan akwai, ka fara sabon aiki da saninka, ko kuma sabuwar takarda ta faɗa a fili cewa an amince da ranar da ka fara aiki tun farko kuma sabon ubangida ya ɗauki nauyin shekarun baya. Irin wannan magana ba ta mutum ɗaya ba ce, ku je a ƙungiyance. Lambar asusun fanshonka ba ta canzawa, ita za ka ba sabon wurin, amma kafin ka rabu da tsohon ka nemi bayanin asusun ka ga ko an zuba duk watannin da aka cire maka.

Idan haɗari ya same ka a bakin aiki, kafin sauyi ko bayansa, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce a sanar da ubangida cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya ga NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata, cikin shekara ɗaya. Ubangida ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a wannan asusu, ba a cire shi daga ladanka. Bayan kowane sauyin kamfani ka tambaya ko sabon ya yi rajista, iyalinka kuma su san inda takardunka suke.

Idan magana ta ƙi daidaituwa, a bi ta daki-daki: manaja, sannan reshen ƙungiya, sannan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiha, inda ake kiran ɓangarorin biyu a sasanta. Idan ta gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar aiki, kuma tana zama a Kano da Kaduna da Jos da Abuja da Legas da wasu biranen. Komai zafin rai, kada ka riƙe motar mutane ko ka sayar da mai ko taya da sunan kana fanshe haƙƙinka, domin da zarar ka yi haka maganar ta tashi daga ta albashi ta koma ta 'yan sanda. Ranar da aka kawo maka takardar sallama mai cewa ka karɓi dukan haƙƙoƙinka, ka ce a ba ka ita ka tafi da ita, ka sami wanda ya iya Turanci kuma ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi, ka gwada adadin da abin da ke littafinka, kuma kada ka sa hannu sai kuɗin sun shiga asusunka.